Koyar da Ɗan Shekara Biyar a Gida: Abin da Ake Nufi da Yadda Ake Gane Yana Ci Gaba

A 'yan shekarun nan an fara jin wasu iyaye, musamman a birane, suna cewa sun fasa kai yaransu makarantar naziri, za su riƙa koyar da su da kansu har lokacin shiga firamare. Wasu na yaba musu, wasu na ganin sun tauye wa yaran haƙƙi, wasu kuwa ba su ga bambancin wannan da barin yaro ya wuni yana yawo a unguwa ba. Ruɗanin ya fi yawa idan aka zo kan wannan tambaya: babu malamin aji, babu jarrabawa, babu katin sakamako, to da me uwa za ta gane ko ɗanta yana gaba ko an bar shi a baya? Batu ne da ya cancanci a bi shi daki-daki, domin shekarar da ake magana a kanta ita ce ƙofar shiga karatu.

Ma'anar kalmomin

Koyarwa a gida tsari ne da iyaye ke ɗaukar nauyin karatun ɗansu baki ɗaya, maimakon miƙa shi ga makaranta. Su ne ke zaɓar abin da za a koya, su tsara lokaci, su kuma auna abin da aka samu. Akwai abubuwa uku da ake yawan rikita su da shi. Na farko shi ne lesin, kalmar aro daga Turanci da ake nufin ƙarin darasi da ita, wanda malami ke yi wa yaro bayan ya taso daga makaranta. A nan makaranta ce jagora, lesin taimako ne kawai. Na biyu shi ne karatun da aka yi ta rediyo da talabijin da intanet lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020. Wannan ma hukumomin ilimi ne suka tsara shi, gida wurin zama ne kurum. Na uku shi ne yaron da ba ya zuwa makaranta kuma ba wanda ke koya masa komai. Wannan rashin karatu ne, ko da wane suna aka kira shi.

Kindagatin kalmar Jamusanci ce mai ma'anar lambun yara. A Amurka sunan ajin da yaro ke shiga ke nan yana ɗan shekara 5, kafin aji ɗaya. A Najeriya mutane sun fi sabawa da naziri, su haɗa duk ajujuwan ƙananan yara a ƙarƙashin sunan, amma manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta ware shekara guda ta share fagen firamare ga ɗan shekara 5, sannan ya shiga firamare yana da 6. Manhaja kuwa ita ce jerin abubuwan da aka tsara yaro zai koya a wani zango. Bibiyar ci gaba kuma ba jarrabawa ba ce. Jarrabawa tana yanke hukunci a ƙarshe. Bibiya tana gaya wa mai koyarwa abin da ya kamata ya yi gobe.

Inda abin ya samo asali

Wani malami Bajamushe, Friedrich Froebel, shi ya buɗe cibiyar wasa da ayyukan hannu ta ƙananan yara a garin Bad Blankenburg a 1837, ya raɗa mata suna kindagatin a 1840. Abin da ya gina ta a kai shi ne waƙa, wasa da gutsattsarin katako masu siffofi daban-daban, da kula da shuka. A 1907 wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe nata gidan yara a wata unguwar talakawa a birnin Rum, ta ɗora tsarinta a kan lura da yaro da kyau kafin a ba shi aiki na gaba. Ke nan tun asali ajin nan ba ƙaramar firamare ba ce. Daga baya ne gasar makarantu da ɗokin iyaye suka cika shi da aikin gida da jarrabawa.

Ita kuwa koyarwa a gida a salonta na zamani, a Amurka ta yi ƙarfi a shekarun 1970. John Holt, wanda tsohon malami ne, ya yi ta rubutu cewa tsarin aji yana kashe wa yara sha'awar sani. Raymond Moore kuma ya dage cewa ana gaggawar zaunar da yara a aji tun ba su nuna ba. Zuwa 1993 abin ya halasta a jihohi 50 na ƙasar. Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta Amurka sun nuna yara kusan 850,000 ne ake koyarwa a gida a 1999, adadin ya kai kimanin miliyan 1.7 a 2016. Da korona ta zo, hukumar ƙidaya ta ƙasar ta gano cewa gidajen da ke bin wannan hanya sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 zuwa kashi 11.1 a cikin 2020 kaɗai.

A ƙasar Hausa karatu a cikin gida ba baƙon abu ba ne. Malamai da yawa a zauren mahaifinsu suka fara, kuma a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke kai ilimi ga mata har cikin gidajensu. Sabon abu a yau shi ne ɗaukar karatun boko na matakin farko a mayar da shi hannun iyaye.

Dalilan da ke kai iyaye ga wannan zaɓi

Dalili na farko kuɗi ne. Ajujuwan naziri da yawa a hannun makarantun kuɗi suke, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin makaranta da na mota da na littattafai duk sun hau. Magidanci mai 'ya'ya da yawa yakan zaɓi ya biya wa manyan, ƙaramin ya dakata.

Na biyu tsaro ne. Sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disamban 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Tegina a Mayun 2021 inda akwai ƙananan yara sosai a cikin waɗanda aka kwashe, da Kuriga a Maris ɗin 2024, ya sa zukatan iyaye ba sa kwanciya idan yaro ya bar gida.

Na uku inganci ne. Akwai makarantun da ake cusa yara fiye da ƙima a ɗaki guda, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki. Akwai kuma iyayen da tarbiyya ce damuwarsu, suna so yaro ya fara da Alƙur'ani da ladubba a gabansu. Wasu kuma ɗansu na da lalura ta musamman, ko aikinsu na yawan sauya gari ne. Waɗannan dalilai ba ɗaya suke ba, kuma shawarar da ta dace da mai ɗaya ba lallai ta dace da mai ɗayan ba.

Abin da doka ta ce

Ƙasashe sun sha bamban. Jamus ba ta yarda da koyarwa a gida ga yaron da ya kai shekarun makaranta ba, amma zuwa kindagatin a can ganin dama ne. Faransa ta wajabta ilimi tun daga shekara 3 a 2019, kuma daga 2022 sai da izinin hukuma ake koyarwa a gida. A Ingila dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye wajibcin ilimantar da yaro, a makaranta ko ta wata hanya. Afirka ta Kudu ta yarda da tsarin tun 1996 bisa sharaɗin a yi wa yaro rajista.

A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da UBE, ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kuma kammala. Kamar yadda aka zartar da ita, wanda ya saɓa za a fara ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Dokar ba ta tanadi wata hanyar rajistar masu koyarwa a gida ba. Abin lura shi ne wajibcin ya rataya ne a kan yaron da ya kai shekarun firamare. Saboda haka riƙe ɗan shekara 5 a gida ana koya masa abu ne daban da riƙe ɗan shekara 7, kuma wanda ke tunanin zarcewa ya kamata ya tuntuɓi hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharsa, domin jihohi ma suna da nasu dokokin.

Me ɗan shekara biyar ke buƙatar koya?

Nan ne mafi yawan ruɗanin yake. Mutane da yawa suna auna ilimin ƙaramin yaro da yawan abin da ya haddace: haruffan Turanci a jere, ƙirga zuwa 100, sunayen jihohi da manyan biranensu. Masana ci gaban yara kuwa fannoni biyar suke dubawa tare. Akwai harshe, wato yawan kalmomin da yaro ya sani da iya ba da labari da fahimtar umarni. Akwai share fagen karatu, wato jin sautukan da ke cikin kalma, gane haruffa, da sanin cewa rubutu magana ce aka ajiye a takarda. Akwai lissafi, wato ƙirga abubuwa na zahiri, kwatanta yawa da girma, da gane siffofi. Akwai motsa jiki, daga tsalle da gudu zuwa riƙe fensir da ɓalla maɓalli. Akwai kuma zamantakewa da kame kai: jiran layi, raba abu da wani, haƙuri idan an sha kaye a wasa, da tsayawa kan aiki har a gama.

Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sabunta jerinta a 2022 na abubuwan da aƙalla kashi 75 cikin 100 na yara ke yi a kowane mataki. A shekara 5 jerin ya ƙunshi ƙirga zuwa 10, faɗin sunan wasu haruffa idan an nuna, rubuta wasu haruffa na sunansa, ba da labari mai aukuwa biyu aƙalla, tsalle da ƙafa ɗaya, bin ƙa'idar wasa, da mayar da hankali kan aiki na minti 5 zuwa 10. Babu karanta littafi a ciki. Wannan ba yana nufin kada a koya wa yaron da ya nuna shiri ba; yana nufin ɗan shekara 5 da bai fara karatu ba tukuna ba daƙiƙi ba ne.

Daga nan ake gane yadda yini zai kasance. Zama gajere sau biyu ko uku ya fi zama ɗaya mai tsawo. Sauran koyon yana cikin hidimar gida: ƙirga cokula, ware wake daga tsakuwa, auna gari da gwangwani, karanta rubutun jikin kwali. Tatsuniya tana gina harshe da jerin tunani, kacici-kacici yana kaifafa basira, carafke yana horar da ido da yatsu, langa da 'yar gala-gala suna ƙarfafa ƙafa da daidaita jiki. Game da waya da talabijin kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 3 zuwa 4 kada ya wuce sa'a ɗaya a rana yana kallo, ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki, da barcin sa'a 10 zuwa 13. Bidiyon koyar da haruffa ba ya maye gurbin babban mutum da ke amsa wa yaro tambaya.

Yadda ake bibiyar ci gaba

Kowace uwa ta san katin awo na asibiti. Ba a ɗora jariri a sikeli don a ce ya zo na ɗaya ko na goma. Ana duba ko layinsa yana hawa daga wata zuwa wata, idan ya tsaya a nemi dalili. Bibiyar karatun ƙaramin yaro haka take: yaron yau ake gwadawa da yaron watan jiya. Hanyoyi biyar ne suka fi sauƙi da amfani.

Ta farko littafin lura. Littafin rubutu ne na yau da kullum, a riƙa sa kwanan wata a rubuta layi biyu ko uku, sau biyu ko uku a mako. Ƙa'idarsa ita ce a rubuta abin da aka gani, ban da hukunci. Cewa yaro yana da ƙoƙari ko ba ya ja ba ta taimaka wa kowa. Amma idan aka rubuta cewa yau ya ƙirga dabino 8 daidai yana taɓa kowanne, sai dai ya tsallake 6 da aka kai ga 12, to an san darasin gobe.

Ta biyu jakar ayyuka. A ajiye zane da rubutun yaro, kowanne da kwanan wata. Abin da ya fi fito da sauyi shi ne maimaita aiki iri ɗaya a farkon kowane wata: ya zana mutum, ya rubuta sunansa. Idan aka jera takardun wata shida, ana ganin yadda kai mai ƙafafu biyu ya samu gangar jiki da hannuwa da yatsu, da yadda haruffa suka daina kwanciya. Labarin da yaro ya bayar ma ana iya naɗarsa a waya a saurara bayan wata uku.

Ta uku jerin dubawa. A rubuta ƙwarewa 15 zuwa 20 daga fannonin nan biyar, a gaban kowace a sa ɗaya daga cikin alamomi uku: bai fara ba, yana yi da taimako, yana yi shi kaɗai. Ta tsakiyar ita ce mafi muhimmanci, domin a nan koyarwa ke da tasiri. A Ingila ma malaman ajin farko ba jarrabawar takarda suke yi wa yara a ƙarshen shekara ba. Abin da suka lura da shi suke aunawa da manufofi 17 da aka tsara.

Ta huɗu ɗan gwaji na mintuna. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara tun 2005 da wani gwaji mai hawa-hawa da ake yi wa yaro a gida: harafi, sannan kalma, sannan 'yan jimloli, sannan labari. Inda ya tsaya nan ne matakinsa. Ga ɗan shekara 5 hawa na farko da na biyu sun isa. A rubuta haruffa 10 a hargitse a ga nawa zai gane. A tambaye shi da wane sauti kalmar kaza ta fara. A ce ya tafa gaɓoɓin sunansa. A duba ko kunnensa na rarrabe baki da baƙi, ko bari da ɓari. Idan ya gane baƙaƙe da wasula, a gwada shi da gaɓoɓi irin su ba, bi, bu, sannan kalmomi masu gaɓa biyu. Sau ɗaya a wata ya wadatar, kuma a yi shi cikin raha, ba tare da tsawa ba.

A nan ne ake bambance hadda da fahimta. Yaron da ke rera haruffa a jere amma bai gane harafi idan an ware shi ba, waƙa ya iya. Wanda ke ƙirga zuwa 100 amma idan an ce ya miƙo duwatsu 7 sai ya kwaso cikin hannu, bai kama ma'anar adadi ba tukuna. Hadda tana da amfaninta, amma ita kaɗai takan rufe wa iyaye ido.

Ta biyar idon wani. Ƙauna takan sa uwa ta ƙara wa ɗanta maki, gajiya kuma takan sa ta rage. Yana da kyau bayan kowane wata uku wani malamin firamare da aka yarda da shi ya zauna da yaron na ɗan lokaci, ya kuma duba littafin lura da jakar ayyuka.

Duk wanda ya yi makarantar allo zai ga cewa tushen wannan tsari ba baƙo ba ne. A can kowane yaro da nasa darasin, ana fara babbaƙu kafin farfaru, ba a wanke allo a ɗora sabo sai malam ya ji an iya na jiya, kuma ana komawa baya a yi tilawa don kada ya zube. Tafiya gwargwadon ƙarfin yaro, tabbatar da iyawa kafin ƙari, da bita, su ne abin ɗauka. Bulala ba ta cikinsu, domin tsoro yana sa yaro ya ɓoye abin da bai gane ba, alhali shi ne abin da mai koyarwa ke nema ya sani.

Bibiya tana da wani amfani da ya wuce karatu. Idan baƙo ba ya gane maganar ɗan shekara 5, ko yaron ba ya juyowa sai an ɗaga murya, ko yana kai takarda dab da idonsa, ko ba ya sha'awar wasa da yara ko kaɗan, ko ya daina yin abin da a da ya iya, to wannan aikin likita ne, ba na ƙarin darasi ba. Ciwon kunne, matsalar gani, ƙarancin jini da rashin abinci mai gina jiki duk suna iya bayyana kamar rashin ƙoƙari.

Da wane harshe?

Iyaye da yawa suna ganin ba a fara karatu ba sai yaro ya fara Turanci. Amma yaro ya fi saurin gane dangantakar sauti da harafi a harshen da yake tunani da shi, kuma rubutun Hausa ya fi na Turanci bin yadda ake furuci. Gwajin da Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato shi ma da Hausa ya fara koyar da karatu. Matsayar gwamnati kan harshen koyarwa tana sauyawa, kuma makarantar da yaro zai shiga tana iya yi masa tambayoyi da Turanci. Hanya mai kyau ita ce a gina karatu da Hausa, a riƙa shigo da Turancin baka ta gaisuwa da waƙa da sunayen abubuwa.

Ra'ayoyi masu karo da juna

Masu goyon baya suna cewa ba malamin da zai san yaro kamar uwarsa, kuma kulawar mutum ɗaya ga yaro ɗaya ta fi ta aji mai cunkoso. Suna kafa hujja da Finland, inda ake shiga firamare a shekara 7 kuma ƙasar ta yi suna a karatu. Akwai kuma binciken da aka yi a Kingston ta Jamaika daga 1986, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar iyaye mata kowane mako na shekara biyu suna koya musu wasa da hira da yaransu masu tsumburewa. Bayan shekara 20 an tarar waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin 100. Yaran sun fi 'yan kindagatin ƙanƙanta, amma darasin a fili yake: abin da ake yi a gida yana da nauyi. Wani binciken Jami'ar Vanderbilt da aka fitar a 2022 kan yara kusan 3,000 a jihar Tennessee ya tarar waɗanda suka shiga ajin share fage na gwamnati sun koma bayan waɗanda ba su shiga ba a lokacin da suka kai aji shida. Ke nan ba kowane aji ne alheri ba.

Masu suka kuwa suna cewa koyar da ƙananan yara sana'a ce da ake koyo, kuma aji yana ba yaro abin da gida ba ya bayarwa: zama da waɗanda ba 'yan uwansa ba, da bin umarnin wanda ba iyayensa ba. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce shirin Perry da aka fara a jihar Michigan a 1962 da yara 123 'ya'yan talakawa. Da aka bi su har shekara 40, waɗanda suka shiga shirin sun fi kammala sakandare, sun fi samun kuɗi, kuma ba a kama su da laifi kamar sauran ba. Suna ƙara da cewa a Finland ɗin ma ajin share fage na ɗan shekara 6 wajibi ne tun 2015, kuma yawancin binciken da ke yabon sakamakon koyarwa a gida an yi shi ne da iyalan da suka kawo kansu, waɗanda galibi masu ilimi ne da hali.

Idan aka natsu, hujjojin ɓangarorin biyu wuri ɗaya suke nunawa. Shirin Perry kansa ya haɗa da ziyarar malamai zuwa gidajen yaran kowane mako. Abin da ya yi aiki a ko'ina shi ne babban mutum mai kulawa, mai hira da yaro, wanda ya san matakinsa. Inda aka rasa wannan, aji bai wadatar ba, gida ma bai wadatar ba.

Abin da ka iya biyo baya

Ga yaro, shekara guda ta koyarwa mai tsari a gida tana iya shigar da shi firamare da ƙwarin gwiwa. Haɗarin shi ne kaɗaici, musamman a gidajen birni masu katanga inda ba a cakuɗa da maƙwabta. Islamiyya, wasa da 'ya'yan dangi, ko haɗuwar iyalai uku ko huɗu su riƙa karɓa-karɓa suna rage wannan. Haɗari na biyu shi ne matsi: uwa mai son ta nuna wa dangi cewa zaɓinta daidai ne tana iya ɗora wa yaro abin da ya fi ƙarfinsa har ya tsani littafi.

Ga iyaye, nauyin yakan faɗa kan uwa, a kan girki da raino da sana'a. Idan uba bai ɗauki wani kaso ba, ko da tatsuniyar dare ce da duba littafin lura a ƙarshen mako, tsarin yakan mutu a hankali ba tare da kowa ya ce an daina ba.

Ga al'umma kuwa, a ƙasar da asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, akwai tsoron sunan koyarwa a gida ya zama mafaka ga masu tura yara talla ko masu riƙe 'ya'ya mata. Akwai kuma tsoron masu ilimi da hali su janye 'ya'yansu, makarantun gwamnati su rasa masu tsaya musu. Zaɓin wasu iyalai bai sauke wa gwamnati nauyin samar da ajin share fage mai inganci ga kowane yaro ba.

Kammalawa

Koyar da ɗan shekara 5 a gida abu ne mai yiwuwa, amma da sharuɗɗa uku: babban mutum mai lokaci a kullum, wasu yara da zai riƙa cuɗanya da su, da rubutacciyar shaida ta abin da ya iya da abin da ya rage. Iyalin da ba za su iya cika waɗannan ba, makaranta ko da matsakaiciya ce ta fi musu. Iyalin da ɗansu ke makaranta ma suna buƙatar sharaɗi na uku, domin matsayin da aka rubuta a katin sakamako ba ya faɗin ko yaro ya gane harafi.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan hukumomi. Hukumar NERDC, wadda ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, ya kamata su fitar da taƙaitaccen jerin abin da ake sa ran ɗan shekara 5 ya iya, da Hausa mai sauƙi, a raba shi a asibitoci da makarantun Islamiyya, a kuma karanta shi a rediyo. Iyaye da yawa suna da niyya da ƙauna. Abin da suka rasa shi ne ma'aunin da za su duba, kuma samar da shi ba ya buƙatar gina aji ko ɗaya.